Dashen bakin titi a Birnin Kebbi: wanda ya dace da lambun yara da wanda za a bari

Ƙungiyar unguwa ko kwamitin iyaye da malamai in suka samu fili suna son mayar da shi wurin da yara za su sha inuwa, su san itace da tsuntsu, wurin da suke fara nufa shi ne masu renon itatuwa na bakin titi, masu jera dashe cikin baƙaƙen leda. Kayansu na biyan buƙata, amma rabinta kawai, kuma sai mai saye ya iya zaɓe.

Inda suka fi ƙarfi shi ne itatuwan inuwa da na marmari. Dogon yaro kusan kullum akwai shi, ga araha, ga jure zafin Afrilu, in ya samu ban ruwa a raninsa na farko ya kama ke nan. Gwaiba da zogale ma ba laifi, ko da yake sayen zogale a leda asarar kuɗi ce: ƙwayarsa na tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma ita ce ta fi dacewa a ba yara su shuka da hannunsu. Mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa masa reshen iri mai kyau a sama, ya fi na ƙwallo tsada sosai, amma yana fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya haura 6. A duba wurin auren da kyau, tabon ya warke, babu tsagewa. Duk reshen da ya tofo ƙasa da tabon a cire shi, don in aka bar shi zai rinjayi na sama, a ƙarshe a samu mangwaro ɗan gida da kuɗin mai aure.

Babban aibin kayansu yana cikin leda, inda ido ba ya gani. Mai saye yakan miƙa hannu ga dashen da ya fi tsawo, mai sayarwa kuma ba zai hana shi ba. Dashen da ya kai ƙirjin mutum a cikin 'yar ƙaramar leda ya daɗe da wuce lokacinsa. Saiwarsa ta kai gindi, ta rasa hanya, ta nannaɗe kamar gammo. In aka dasa shi haka zai yi kore wata biyu ko uku, daga nan ya tsaya cik, ko iskar farkon damina ta kwantar da shi, saboda saiwar ba ta taɓa nutsawa ƙasa ba. Wani kuma saiwar ta huda ledar ta shiga ƙasar wurin, sai an fizge shi, ya yi yaushi tun kafin a sauke shi daga keke napep. A ɗaga kowace leda a leƙa gindinta. A zaɓi mai tsawon santimita 30 zuwa 50, mai kaurin fensir. In dole ta sa an ɗauki babba, a yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi, kamar santimita 2, a datse saiwar da ta naɗe.

Rabin da suka gaza a kai shi ne itatuwanmu na gida. Tambayi kuka, tsamiya, aduwa, magarya, kanya ko gawo, da wuya ka same su a jere, don masu gidaje ba su nema. Alhali su ne darasin. Gawo kaɗai ya isa malami magana: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran. Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015, saboda haka ba laifi ba ne a fara tambayar jami'an gandun daji. In ba a samu ba, a ba mai reno oda tun watan Fabrairu ko Maris, don dashen ya isa fita a Yuli. Ƙwayar kuka da ta gawo ɓawonsu na da tauri, sai an zuba musu ruwan zafi sun kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefe. Mai renon da bai san wannan ba, sai ya ce irin ne ya mutu.

Akwai kuma abin da bai kamata ya shiga wurin yara ba, kuma ba kowane mai sayarwa ke faɗa ba. Cini-da-zugu ana yawan ba da shi don shinge, amma ƙwayarsa guba ce, yara kuma na ɗaukarta gyaɗa. Haka furannin ado masu fitar da farin ruwa in an karya su. Lalle ya fi aminci a shinge. Itacen turare kuma a nisanta shi da rijiya da gini, shan ruwansa ya yi yawa.

Lokacin dashe Yuli ne zuwa farkon Agusta, bayan ƙasa ta jiƙa sosai. Rami santimita 50 faɗi da zurfi, a cuɗa ƙasar sama da kwano biyu na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu gara yake kira, ya kuma ƙone saiwa. Mangwaro na son tazarar mita 8 zuwa 10, dogon yaro 5 zuwa 6. Kada a dasa kafin a tanadi kariya, domin akuya ɗaya na iya cinye aikin wata guda kafin la'asar. Da rani, kowane dashe na buƙatar kamar lita 10 sau biyu ko uku a mako. Inda ruwa ke wuya, a binne sabon tulu kusa da gindi, a cika shi don ruwan ya riƙa tsatsowa a hankali, a rufe bakinsa saboda sauro.