Wasan Sallah na 10,000: wasa munka saya ko fuskar jarumi?

Jama'a sallama. Masu tambaya ta ko wasan dandamalin da anka yi nan Sakkwato cikin Sallah ya ci kuɗɗinai, to ga amsa kai tsaye: tikitin 3,000 ya ci har da riba, na 10,000 da sunka kira VIP bai ci ba, teburin 100,000 kuwa ba maganar irin mu ta ba, masu shi sun san abin da sunka je nema. Ba zan kama sunan holin ko kamfanin da ya shirya ba don ba tozarci ya kawo ni ba, kuma wallahi sun yi ƙoƙari ta wani wajen.

Wasan kanshi ya yi daɗi, wanga kam babu gardama. Yaranmu na gida su na sunka ɗauke shi tun daga farko har ƙarshe, labarin wani dillalin albasa na da ya ci bashi ya ƙara aure yana jiran farashi ya tashi sai albasar ta ruɓe mishi cikin rumbu, ga amarya na jiran cikon lefe ga masu bashi sun yi sansani ƙofar gida. Yaron da ya hito a dillalin ko sunanshi babu jikin fosta amma shi ya riƙe mutane kusan awa biyu, da Sakkwatanci tsantsa ba gauraye, wata dattijuwa kusa da mu ta yi dariya har sai da ɗiyarta ta miƙa mata ruwa. Duk wanda ya tashi zamanin Idon Matambayi na NTA Sakkwato ya san garin ga bai taɓa rasa 'yan wasa ba, wurin nunawa na ya ƙaranta.

To ina jarumin da anka cika gari da hotonai tun daga Mabera har Runjin Sambo, wanda saboda shi tikitin ya kai haka? An ce a zo ƙarfe 8, shi bai shigo ba sai bayan 10, ya hau dandamali kamar na minti 20, cikin minti 20 ɗin nan rabi gaisuwar manya ta, ranka ya daɗe wane Allah ya ja zamanin wane, sannan anka saka waƙa ya bi da baki anka yi mishi liƙi, sai wani ɗan sin guda da anka liƙa mishi cikin labarin wanda ko makaho ya san ba a yi rihasal da shi ba don yaranmu na sunka dinga jan shi suna tuna mishi inda za ya tsaya. Ni ban ga laihin shi ba sosai, abin da anka yi jinga da shi kenan ya yi. Masu shiryawa na sunka sayar muna da shi a matsayin jarumin wasa alhali baƙo mai ɗaga hannu na.

Na samu wani abokina da ya yi aiki cikin masu shiryawar nac ce mishi malam don Allah ina kuɗɗin ga ka tahiya, yac ce ɗan uwa ka bari kawai, abin da anka ba baƙon shi kaɗai ya hi abin da anka raba ma dukkan 'yan wasan gida a haɗe, kuma ban da kuɗin jirgi ko mota daga Kano, ban da otal nai da na yaranshi, ban da hayar hol, ban da dizal, ban da masu sauti da masu tsaro. Kuma dare guda na tal. Nan matsalar take, duk wagga ɗawainiya sai an hidda ta cikin dare guda daga aljihun mutanen da hol guda ka iya ɗauka, to ya tikiti ba za ya yi tsada ba. Su ma 'yan fim ɗin ba ka iya cewa su rage, tun da kasuwar faifan CD ta mutu harkar ta koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, tallace-tallace da irin wanga gayyata sun zama babbar hanyar samu ga duk wanda ya yi suna, kuma Sallah sau biyu ta a shekara, kowane gari na neman su lokaci guda.

Abokin nawa ya so ya kare kanshi da cewa ai ko Amurka haka abin yake, kuma da gaskiya tai ta wani ɓangare. A Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York mai gidaje 41, a 2025 da fitaccen jarumin fina-finan Amurka Denzel Washington ya hito cikin wasan Othello tare da wani jarumin Jake Gyllenhaal kujera mafi tsada ta kai dala 921, in ka juya ta a canjin lokacin ta haura naira miliyan 1 da dubu 300, kujera guda hwa, kuma mutane sunka cika wurin har wasan ya tara kusan dala miliyan 2.8 cikin sati guda. Can ma an yi ta surutu cewa an mayar da wasan na masu kuɗɗi zalla, tun da matsakaicin tikitin Broadway bai wuce dala ɗari da 'yan kai ba. Manyan jarumai can sau da yawa ba albashi kaɗai suke karɓa ba, ana yanka musu kaso cikin cinikin tikiti, shi ya sa suna na hawa farashi na hawa. Amma ga inda maganar abokina ta karye. Denzel ba hannu yaz zo ɗagawa ba, shi na Othello ɗin, wato babban jarumin labarin, ya yi makonni shina rihasal, ya haddace wasan, ya tsaya gaban mutane daga farko har ƙarshe dare bayan dare tsawon watanni, kuma al'adar wurin wasa takwas ake yi a sati. Sannan ƙananan 'yan wasan can suna da ƙungiya da ta tsayar musu da mafi ƙarancin albashi sama da dala 2,000 a sati, babu mai ce musu ku yi haƙuri ai kun samu an gan ku. Mu mun ɗauko tsadar mun baro aikin.

Kuma a duba aljihun da ake magana. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar ga 70,000 na, mutum ya ɗauki uwargida da yara biyu su zauna VIP 40,000 ta tashi, ban da keke ko kabu-kabu zuwa da dawowa cikin dare, ban da lemu da anka sayar ciki ninkin kuɗin waje kuma an hana shiga da naka.

VIP ɗin ma mi anka ba mu? Kujerar roba ta da anka sa ma riga, ruwan gora guda, da kusanci da sifika wadda ta dinga ƙara har kunne ya yi zahi. Na'urar sanyi biyu ta gaba suna aiki amma kun san zahin garin ga, da hol ya cika sai kowa ya koma fifita da tikitinai. Masu 3,000 da sunka zo da wuri sunka samu tsakiya sun hi mu jin magana, na tabbatar don ƙanena can ya zauna.

Inda zan yaba musu: an ware ma mata da iyali ɓangarensu, tsaro ya yi kyau an bincike kowa bakin ƙofa ba tare da wulaƙanci ba, wuta ba ta ɗauke ba ko sau guda, bayi na da tsabta da ruwa. POS ɗin su kam ya ba mutane wahala, layi ya yi tsawo ana jiran alat, in za ka je riƙe tsabar kuɗɗi.

Shawara ta ga masu shiryawa, ku rubuta jikin fosta ƙarara baƙon wasa za ya yi ko gaisuwa, ku sa sunayen yaranmu da hotunansu su ma, kuma ku gwada yin wasan kwana uku a jere da 'yan gida kaɗai kan 1,500 ko 2,000 ku ga ko hol ba za ya cika ba, hayar kaya da fosta sai ta rabu gida uku. Taurari uku cikin biyar nib ba su, kuma biyu daga ciki na dillalin albasa na. An ce za su maimaita da babbar Sallah, ni dai na 3,000 zan saya in je tun ƙarfe 7 in kama tsakiya.