Sharhi: Mai Gyaran da Ya Raba Ni da Katsewar Waifai Bayan Na Koma Windows 11

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Jos, kuma kwamfutata ita ce gonata. Da ita nake shigar da sakamakon jarrabawa, da ita nake koyar da wasu yara uku ta Zoom bayan sallar isha'i. Shekara huɗu muna tare lafiya lau. Da na ji za a daina tallafa wa Windows 10 daga 14 ga Oktoba 2025, na duba na ga tawa ta cika sharuɗɗa, har da TPM 2.0, ɗan guntun tsaron nan da Windows 11 ke buƙata, wanda ya tare tsofaffin kwamfutoci da yawa a ƙofa. Sai na koma Windows 11.

Kwana biyu da komawa aka fara. Ina tsakiyar bayani sai fuskokin yara su daskare, in dubi ƙasan allo in ga alamar waifai ta rikiɗe ta zama hoton duniya. Wani lokaci ta dawo da kanta bayan minti ɗaya, wani lokaci sai na kashe kwamfutar na kunna. A dare ɗaya ta yi mini haka sau shida. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, domin iyayen yaran nan kuɗi suke biya, kuma ɗaya daga cikinsu jarrabawa ce a gabansa.

Na ɗauka laifin sabis ne, har na sayi wani layi na saka a maifai ɗina, wato 'yar na'urar da ake saka wa layi ta ba da waifai. Ba ta sauya zane ba. Ina cikin wannan kame-kame kwanaki goman da Windows ke bayarwa don mutum ya koma tsohon tsarinsa suka wuce. Shagon farko da na je, ko kunna ta ba a yi ba aka ce katin waifai ne ya mutu, aka sayar mini da 'yar ƙaramar adafta da ake soka wa a ramin USB, girmanta bai wuce farcen babban yatsa ba. Tsakani da Allah ta yi aiki, katsewar ta ragu. Amma ba ta ja da nisa. Daga falo zuwa ɗaki sanda biyu take nunawa, tana ɗaukar zafi, ga shi ta cinye mini rami ɗaya cikin biyun da nake da su. Ta fitar da ni kunya na mako uku, iyakarta ke nan.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani matashi da ke gyara a wani ɗan shago kusa da Terminus, ta wajen titin Ahmadu Bello. Shi ne dalilin wannan rubutu. Na je ranar Asabar da safe, hunturu ya sauka, yana zaune da hular sanyi da kofin shayi a gefen tulin cajoji. Bai taɓa sukundireba ba. Tambaya ya fara yi: "Malam, idan ta katse, wayarka ma tana katsewa?" Na ce a'a, waya tana nan daram a kan maifai ɗin. Ya ce to a cire kamfanin layi daga magana. Ya sake tambaya ko ta fi yi idan an ɗauke wuta. Na yi shiru ina tunani, sai na ga lallai haka ne, yawanci sai tana kan batir take yi. Wata biyu ina fama ban lura da wannan ba.

Daga nan ya buɗe baƙin allon nan na ba da umarni ya rubuta netsh wlan show wlanreport. Ashe Windows tana ajiye tarihin waifai na kwana uku, kowace haɗuwa da kowace katsewa, da lokacinta da dalilinta. Ya juyo da allon ya nuna mini da yatsa. Katin bai mutu ba. Matsalar direba ce, wato 'yar manhajar da ke yi wa Windows da katin tafinta. Wanda ke kai bai jitu da sabon tsarin ba. Ya haɗa wayarsa da kebul ya ba kwamfutar intanet, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya nemo direban da aka yi wa ainihin samfurinta, ya cire na kai ya ɗora wannan. Ya gargaɗe ni da manhajojin nan da ke cewa za su sabunta maka duk direbobi a danna ɗaya, ya ce rabin kwamfutocin da ake kawo masa su ne suka jagula su.

Abu na biyu shi ya fi ba ni mamaki saboda ƙanƙantarsa. A cikin Device Manager, wato inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, ƙarƙashin Network adapters, idan ka buɗe bayanan katin akwai shafin Power Management. A nan akwai wani ɗan akwati da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don ta tattala batir. Ya cire alamar da ke ciki. Ya ce ba kowace kwamfuta ke nuna wannan shafi ba, wasu sababbi sai an bi ta saitin wuta, amma a tawa yana nan. Shi ya sa da an ɗauke wuta take sa katin barci, shi kuma ya kasa farkawa da wuri.

Ya kuma yi mini bayanin zango biyu na waifai, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko ya fi ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa, musamman a gidan haya irin namu da kowane ɗaki ke da hotsifot. Na biyu ya fi sauri amma ba ya nisa. Maifai ɗina na farkon kawai yake da shi, don haka shawararsa ita ce in ɗauke shi daga bayan talabijin in ɗora a kan taga. Kuɗin aikin duka bai kai abin da na kashe a kan adafta ba.

Akwai inda ban ji daɗi ba, kuma na faɗa masa. A ƙarshe ya yi Network reset, wato mayar da saitin intanet yadda yake tun farko, bai gaya mini cewa zai share duk kalmomin sirrin waifai da na ajiye ba. Ranar Litinin na isa makaranta na kasa shiga na ofis, sai da na jira mai kula da shi har ƙarfe goma. Ga shagon babu wurin zama na kirki, na fi awa ɗaya a tsaye kafin layi ya zo kaina. Wanda zai je ya je da wuri, ya kuma rubuta kalmomin sirrinsa a takarda.

Bayan mako uku katsewar ta dawo dare ɗaya, gabana ya faɗi. Na kira shi. Ya ce wataƙila sabuntawar Windows ce ta ɗora wani direban a kan wanda ya saka, in koma Device Manager, shafin Driver, in danna Roll Back Driver. Yana kan waya ina yi, minti biyar aka gama, bai karɓi ko sisi ba. Dama ya ajiye mini kwafin direban a filashina tun ranar farko, ko da maɓallin ya ƙi.

Yanzu wata biyu ke nan da wannan kiran. Sau ɗaya ta katse, shi ma batirin maifai ne ya ƙare. Adaftar kuwa na ba ƙanena, ya soka wa tsohuwar kwamfutar tebur da ke shagonsa a Farin Gada, wadda dama ba ta da waifai ko kaɗan, kuma a can tana yi masa aiki sosai.