Takalmin da ya jure duwatsun tsohon gari

Aikina zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido, kuma lungunan garin da duwatsu aka shimfiɗe su, mota ba ta shiga. Takalmi mara kauri ba ya daɗewa a nan. Wannan mai ƙasan roba da na saya ya riƙe ni sosai. Ko ruwan sama ya jiƙa matakalar tsohuwar ganuwa ba ya santsi, dunduniyata ma ta daina ciwo da yamma.

Aibinsa yana riƙe zafi, rana na take ƙafa sai gumi. Igiyarsa kuma ta tsinke da wuri, ga shagunan nan tsarabar baƙi ta cika su, sai da na je babban gari na samo wata. Duk da haka zan ƙara saye.