Rumbun jami'a ko ResearchGate: ina ya kamata ki ajiye aikinki?

Malama, na ga tambayarki tun daren jiya, sai dai lokacin ido ya yi nauyi. Kin ce maƙalunki biyu sun fito a mujalla, ga kundin digirinki na biyu yana kwance a kwamfuta, kina son a karanta, amma kin rasa inda ya fi: ki kai laburare a saka a ma'adanar bincike ta jami'a, ko ki ɗora a ResearchGate da Academia.edu kamar yadda kowa ke yi. Na taɓa duka biyun, to ga abin da na gani.

Ni a wurina ɗaya rumbu ne, ɗaya rumfar kasuwa. Ma'adanar jami'a ta makarantarku ce, ma'aikatan laburare ke kula da ita, kuma ba don riba aka kafa ta ba. Idan kina son ganin yadda take, leƙa ta ABU Zariya, wadda suka raɗa wa suna Kubanni, sunan rafin nan na Samaru. Kundaye ne birjik, daga noma har Larabci, kowa na iya saukewa ba tare da ya yi rajista ba. Manhajar da ake tafiyar da ita, DSpace, jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP ne suka fitar da ita a 2002, kuma tana ba kowane aiki adireshi na dindindin da za ki iya sawa a takardun neman ƙarin girma. Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi, ma yana tsinto abin da ke irin waɗannan rumbuna idan an tsara su da kyau.

ResearchGate kuwa kamfani ne, an kafa shi a 2008, hedikwatarsa na Berlin ta Jamus. Academia.edu ma kamfani ne a Amurka, kada wutsiyar sunan, wato .edu irin ta makarantu, ta ruɗe ki, ba makaranta ba ce, shi ya sa kullum suke turo saƙon ki biya kuɗi ki ga wanda ya ambaci sunanki. Amma fa a ba su haƙƙinsu: rumfar tana da ciniki. Cikin minti goma da 'yar data kin gama ɗorawa. Za ki ga mutum nawa suka buɗe, wani ya yi miki tambaya, wani ya roƙi cikakken kwafi. Ni ta nan wani ɗalibi daga Nijar ya same ni, har yau muna zumunci. Rumbun jami'a bai cika yin wannan ba. Shiru ne kamar ɗakin ajiya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne batun haƙƙin mallaka, don haka bari in tsaya a nan. Kowace maƙala tana da fuska uku. Akwai wadda kika fara aikawa. Akwai wadda aka karɓa bayan kin gama gyare-gyaren masu tantancewa, tana nan a Word ba ado. Sai kuma ta mujalla, mai tambari da lambar shafi. Ranar da kika sa hannu a fom ɗin nan da muke cikewa cikin murna ba tare da mun karanta ba, sau da yawa kin miƙa wa kamfanin ɗab'in mujallar haƙƙin mallakar maƙalar, musamman ta ukun. Manyan kamfanonin ɗab'i galibi suna yarda ki saka ta biyun a ma'adanar jami'arku, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan wa'adin wata 12 ko 24. Shafukan kasuwanci ne ba su cika yarda da su ba. A 2017 kamfanin ɗab'i na Elsevier da ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka sun maka ResearchGate a kotu a Jamus kan haka, kuma an sauke maƙalu da yawa daga shafin. Kafin ki ɗora komai, shiga shafin Sherpa Romeo, wanda yanzu ake kira Open Policy Finder, ki rubuta sunan mujallar, zai nuna miki wane kwafi aka halatta da kuma yaushe. In kuwa mujallar buɗaɗɗiya ce, wato kowa na iya karanta ta kyauta, kuma mai lasisin CC BY da ke ba kowa damar yaɗa aikin muddin ya ambaci marubucin, to faɗuwa ta zo daidai da zama, saka duk inda kika so.

Kada in yi wa rumbun kwalliyar da ba tasa ba. Da sunan mutum ya ajiye da kansa aka kafa shi, amma a yawancin makarantunmu sai kin taka da ƙafa, filash a hannu, kin nemi mai kula da sashen. Yau an ce ya je taro, gobe babu wuta, jibi intanet ta tafi. Nawa sai da ya yi makonni kafin ya bayyana. Wata rana ki buɗe shafin ki tarar a rufe. Idan makarantarku ba ta da rumbu mai aiki, akwai Zenodo, rumbun cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai, kyauta ne tun 2013, kuma yana ba aikinki DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake nemo aiki da ita a intanet.

Batun kundin digiri kuma, na san abin da ke ranki, domin kowa shi yake faɗi: za a sace. Malama, na taɓa shiga sito na wani sashe ina neman kundin wani malaminmu. Na same shi a ƙasan tarin, gara ta cinye babi na huɗu, ruwan rufi ya manne sauran. Irin waɗannan ne ɓarayi suka fi so, tunda ba sa intanet, babu manhajar gano kwafen rubutu da za ta kama su. Wanda ke rumbu yana da suna da kwanan wata, duk wanda ya kwafa ya bar sawu. Idan kina shirin fitar da maƙalu daga cikinsa, ki roƙi laburare su nuna take da taƙaitaccen bayani kawai, su kulle cikakken na shekara ɗaya ko biyu. DSpace yana da wannan tsarin.

Da ni ce ke, rumbu zan fara kai maƙalun biyu da kundin, sannan in buɗe shafi a ResearchGate in sa take da taƙaitaccen bayani, in liƙa adireshin rumbun a ƙasa. Amma kafin nan, yau ɗin nan, ki tona imel ɗinki ki nemo kwafin Word na ƙarshe da edita ya ce an karɓa. Nawa na maƙalata ta farko ya tafi tare da tsohuwar kwamfutata da aka ɗauke min a tashar Kawo.