Hattara da Masu Shigar Burtu da Sunan Banki a X

Jama'ar Zariya, musamman ɗaliban Samaru da Kongo da masu sana'ar POS a Sabon Gari, a yi hattara. Akwai 'yan damfara da ke fakon duk wanda ya kai kukansa dandalin X, wanda a da ake kira Twitter, cewa an cire masa kuɗi amma ba su isa inda ya tura ba.

Da ka ambaci sunan bankinka, kafin bankin ya ce uffan, sai wani shafi mai tambarinsa ya riga shi amsawa, ya ba ka haƙuri, ya ce ku koma WhatsApp. Kada shuɗiyar alamar tantancewa da ke gefen sunan shafin ta ruɗe ka. Tun ƙarshen 2022 sayenta ake yi, kowa na iya biya ya samu. Ta kamfanoni ruwan zinare ce, ta gwamnati ruwan toka. Duba sunan da ke bayan @ harafi bayan harafi: sukan ƙara lamba ko ɗan layi a ƙasa, ko su sa babban I a gurbin ƙaramin l. Duba kuma watan da aka buɗe shafin.

A WhatsApp za su turo maka fom, wai na dawo da kuɗi. Fom ɗin zai nemi lambobin gaban katin ATM, da ranar ƙarewarsa, da lambobi 3 na bayansa, wani lokaci har da PIN. Da waɗannan suke fara sayayya ta intanet da katinka. Bankinka na gaskiya sai ya aiko maka da OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya, don tabbatar da kai ne mai sayen, su kuma su kira ka cikin gaggawa, su ce ka karanto musu lambar kafin ta mutu. Kana karantowa ka sa hannu kenan a cire kuɗinka. Babu ma'aikacin banki da ke buƙatar OTP ko PIN ɗinka don ya mayar maka da kuɗi. Abin takaici, da yawa mu ke miƙa musu kai ta hanyar ɗora hoton alat ɗauke da cikakken suna da lambar asusu.

In an riga an yi, kada kunya ta sa ka yi shiru, domin cikin mintuna suke rarraba kuɗin zuwa wasu asusun. Rufe katin nan take ta manhajar banki ko lambar wayar da ke bayansa. Ɗauki hoton hirar da na shafin kafin su sauya suna. Je reshe ka rubuta ƙorafi, ka karɓi lambar shaida. In mako 2 ya wuce ba a warware ba, kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya (CBN). EFCC ma tana da ofishi a Kaduna.