Hattara da masu tallan Hellcat, ZL1 da GT350 a waya

Jama'a, duk wanda ke tara kuɗi don ya mallaki Mustang, Camaro ko Challenger daga Amurka, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani salon damfara da ke yawo a tsakanin masu sha'awar irin waɗannan motoci, kuma abin da ya sa yake kama mutane shi ne ba da talla ake fara shigo maka ba. Shafi ne a Instagram ko TikTok, wani lokaci da zauren WhatsApp a gefe, kullum ana saka bidiyo ana gwada motocin nan uku: wacce ta fi a filin tsere, wacce ta fi daɗin hawa a cikin gari. Kana kallo kana ƙaruwa, har zuciyarka ta yarda cewa mai shafin gwani ne. Ranar da ka nemi shawararsa, sai ya ce: "Ai Alhaji ka zo a kan gaɓa, akwai wata Camaro ZL1 a gwanjo yanzu haka, jibi za a rufe, ka sa kafin alƙalami in kama maka." Daga nan aka shiga.

Bidiyon da ya ja ka ba nasa ba ne. Na tashoshin Amurkawa ne aka yayyanka, aka ɗora murya da Hausa. Kuma in ka saurara da kyau, duk gwajin da zai yi a wuri ɗaya yake ƙarewa: motar da yake son sayar maka ita ce sarauniyar filin tsere, ita ce kuma ta zuwa kasuwa da kai yara makaranta, ga ta da araha. Wanda ya san motocin nan ba zai faɗi haka ba, domin kowacce akwai inda ta ci, akwai inda aka bar ta a baya.

Ɗauki Dodge Challenger. Ita ce mafi faɗi a cikinsu, tana ɗaukar mutum biyar, but ɗinta babba ne, kuma a doguwar hanya ba ta gajiyar da mutum. SRT Hellcat da ta fito a 2015 tana da injin lita 6.2 mai sufacaja (na'urar cusa wa inji ƙarin iska) da ƙarfin doki 707, daga baya aka kai shi 717, samfurinta na Redeye kuwa 797. A miƙaƙƙen titi abin tsoro ce. Amma nauyinta ya haura tan 2, wato ta ɗara Camaro SS da Mustang GT da fiye da kilo 300, kuma a filin da ke da kwana da yawa wannan nauyi a kan birki da taya yake ƙarewa. Zagaye kaɗan sai birki ya ɗau zafi. Duk wanda ya ce maka Hellcat ce ta fi dacewa da filin kwana, ko dai bai taɓa tuƙa ta ba, ko kuma ita ce hoton da yake da shi a waya.

Chevrolet Camaro ta 2016 zuwa 2024 akasin haka ce. SS tana da injin lita 6.2 da ƙarfin doki 455, ZL1 kuma 650. Wadda ake kira 1LE ita ce aka shirya musamman don filin tsere, da manyan birki na kamfanin Brembo da faffaɗan taya da baƙin bonet. ZL1 1LE ta zagaya filin Nürburgring na Jamus cikin minti 7 da daƙiƙa 16 a 2017, lokacin da motoci masu ninkin kuɗinta ke fama kafin su kai. Sai dai a cikin gari tana da wahala: gilasanta ƙanana ne, ba ka ganin gefe da baya sosai, kujerun baya na jeka-na-yi-ka ne, kuma ita ZL1 1LE shakazobarta tana da tauri ƙwarai. Ka yi tunanin ta a cunkoson Adaidaita Sahu da ramukan damina. A ganina, wanda zai hau mota kullum bai da abin yi da ita.

Ford Mustang ce ke tsakiya. GT mai injin lita 5.0 tana ba da ƙarfin doki 435 daga 2015 zuwa 2017, sannan 460 daga 2018 zuwa 2021. Shelby GT350 mai lita 5.2 tana da 526, kuma injinta yana juyawa har 8,250 a minti, da wata ƙara da ba ta kama da ta kowace V8 (mai silinda takwas) ta Amurka. Amma ga wani abu da mai shafin ba zai gaya maka ba: GT350 ta 2016 ba duka aka sa wa na'urar sanyaya giya da ta akselin baya ba. Waɗanda ba su da ita, in aka matsa musu a filin tsere sai kwamfutar motar ta rage musu ƙarfi saboda zafi, har masu su suka kai Ford kotu a Amurka. Daga 2017 ne aka sa wa dukkansu. Ka ga ko a motar gaskiya, suna kaɗai bai isa ya ce ta shirya wa tsere ba, balle a bakin wanda bai taɓa ganinta ba.

To, mene ne ainihin abin da ake sayar wa mutane? Wani lokaci babu motar ma gaba ɗaya, hoto ne aka ciro daga shafin gwanjo. Wani lokaci kuma akwai ta, amma ba ita ba ce. Wannan ta biyun ta fi ciwo, domin motar za ta iso, ka yi murna, abokai su zo taya murna, sai ranar da ka kai ta gareji bakanike ya buɗe bonet ya dube ka. Challenger SXT ce mai silinda shida da ƙarfin doki 305, an canja mata bonet da bamba da ƙafafu, an manna kan kyanwar Hellcat a gefe, an sa salansa mai ƙara. Haka ake mayar da Mustang EcoBoost mai silinda huɗu ta zama GT, ko Camaro mai lita 2.0 ta zama ZL1. Kayan bodin nan duk ana sayar da su a intanet. Har da murfin roba ja mai rubutun Brembo da ake kifawa a kan ƙaramin birki don ya yi kama da babba. Wannan kam ya wuce cin kuɗi, wasa da rai ne, domin mutum zai taka totur yana ganin yana da birkin da ba shi da shi.

Maganin wannan yana cikin lambar shasi, wato VIN, mai harafi da lamba 17. Ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba, da kuma a sitikar jikin ƙofar direba. Ka ƙirga zuwa ta takwas, ita ce ke faɗin injin da aka sa wa motar a kamfani. A Challenger ta 2015 zuwa 2023, G na nufin silinda shida, T lita 5.7, J lita 6.4 ta Scat Pack, Hellcat kuwa 9. A Mustang ta 2015 zuwa 2023, H EcoBoost ce, F ita ce GT, Z kuma GT350. A Camaro ta 2016 zuwa sama, X lita 2.0 ce, S silinda shida, 7 SS, 6 ZL1. Ta goma kuma ita ce shekara: F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, tana da shafin da za ka saka lambar kyauta ya fassara maka ita. Aikin minti biyu ne.

Akwai ma ƙaryar da ba sai ka kai ga lambar shasi ba. GT350 ta 2015 zuwa 2020 ba a taɓa yin ta da giyar otomatik ba, giyar hannu ce kawai. Mustang Shelby GT500 ta 2020 zuwa 2022 kuma ba ta da giyar hannu. Challenger Demon a 2018 aka yi ta, guda 3,300, sai Demon 170 a 2023, saboda haka "Demon 2020" ba ta wanzu. An daina ƙera Challenger da Camaro duka a watan Disamba 2023, don haka wanda ya ce zai yi maka odar sabuwa daga kamfani, da tatsuniya ya zo. Hellcat tana zuwa da jan makulli da baƙi, baƙin yana tsayar da ƙarfinta a 500. Ka tambayi mai tallan bambancinsu ka ji yadda zai yi kame-kame.

Sai kuma motar da ta tabbata Hellcat ce ko ZL1, amma da tarihi. Copart da IAA, manyan gidajen gwanjon da yawancin motocinmu ke fitowa daga cikinsu, galibi motocin da inshora ta biya ne suke sayarwa: masu haɗari, masu gobara, da waɗanda ambaliya ta shanye, irin ta guguwar Harvey a Texas a 2017 ko Ian a Florida a 2022. Sayen mai haɗari ba laifi ba ne, mutane da yawa suna saya su gyara da saninsu. Ɓoyewa ce laifi. Mota mai ƙarfin doki 700 da aka miƙar wa shasi a wurin fanel bita ba abin shiga kwana da ita da gudu ba ce, wadda ruwa ya shiga kuma za ka ƙare a hannun rewaya wata da watanni. Ka rubuta lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin fenti. Rahoton tarihin mota na Carfax ko AutoCheck kuwa ka saya da kanka. Wanda mai talla zai turo maka ana iya gyara rubutunsa a kwamfuta.

Kar a manta da ta sata. Cibiyar HLDI, mai tattara alƙaluman kamfanonin inshorar Amurka, ta nuna a 2023 cewa Charger SRT Hellcat, 'yar'uwar Challenger mai ƙofa huɗu, ana sace ta fiye da sau 60 a kan matsakaicin sauran motoci. A rahotonta na 2025 Camaro ZL1 ce ta hau kan gaba. Ɓarayin suna canja lambar gilashi da ta ƙofa, shi ya sa in motar tana ƙasa sai a jona mata na'ura a karanta lambar da ke cikin kwamfutarta, a gwada da ta jiki da ta takarda. Shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da satar mota da zambar inshora a Amurka, shi ma kyauta ne, yana nuna wadda aka kai rahoton sace ta. Wannan ba labarin nesa ba ne: a watan Satumba 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya. In aka zo ɗauka, ba wanda zai tambaye ka nawa ka biya.

Shi ɗan damfarar ya san duk wannan, shi ya sa in ka nemi lambar shasi sai hanya-hanya ta fara. "Yallaɓai, in na ba ka wani zai riga mu." Ko ya turo hoto an rufe lambobin tsakiya da yatsa. Ko ya ce sai ta iso Legas. Ƙarya ce. Motar da ke gwanjo tana da lambar kaya da kowa zai iya dubawa, wanda ya ci gwanjo ana ba shi rasit mai ɗauke da lambar shasi, kwastan na Amurka sai sun ga takardar mallaka kafin mota ta fita, kuma tun 2022 kwastan ɗinmu da lambar shasi suke ƙiyasta kuɗin fito. Babu matakin da za a wuce ba tare da ita ba. Wanda ya hana ka ita so yake ku yi cinikin biri a sama.

Da ka biya na farko, sauran za su biyo a jere, kowanne da uzurinsa. Kuɗin ɗauko ta zuwa tashar jirgi. Kuɗin kwantena ya tashi. Dala ta hau. Ta iso amma kwastan sun riƙe, in ba a biya yau ba kuɗin ajiya zai ninka. Kai kuma saboda abin da ka riga ka zuba, sai ka ƙara. Ka nemi takardar lodin jirgi, ka ɗauki lambar kwantenar ka duba da kanka a shafin kamfanin jirgin, ka tabbatar lambar shasin tana kan takardar kuma sunanka ne a matsayin mai karɓa. In ya ce ta Kwatano za a bi da ita a shigo ta ƙasa don a rage fito, ka tuna gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a watan Janairu 2017, ka je ofishin kwastan ka tambayi halin da dokar ke ciki kafin ka yarda. Ka kuma lura da asusun da ake ba ka. In sunan shafi daban, sunan mai magana daban, sunan asusu daban, har a ce maka "na yarona ne", to ka ja da baya.

Wasu suna haɗawa da wani ƙarin tarko: ka biya rajistar "ranar tsere" da za a yi, wai za a rufe fili, a kawo mai koyarwa daga waje, masu sayen mota a hannunsu za a yi musu ragi. Ka tambayi sunan filin, ka kira masu filin da kanka. Kuma mai gaskiya da zai kai ka fili zai fara maka maganar man birki da tayoyi da hular kwano, zai gaya maka inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, zai kuma tuna maka cewa Hellcat da ZL1 fetur mai daraja suke so, alhali gidajen manmu nau'i ɗaya tak suke sayarwa. Su waɗannan ba sa kawo ko ɗaya daga ciki.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kar kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce don a nemi riƙe asusun da kuɗin ya shiga, sannan ya kai takardar koke ga EFCC ko 'yan sanda, tare da shaidar tura kuɗi, lambar asusu, lambar waya da hotunan hirarsu. Ya adana saƙonnin murya da bidiyon kafin ya nuna wa mutumin ya gane, domin da sun ji an farga suke goge hira, su toshe lamba, su canja wa shafin suna, su sake ɗora hotunan nan dai na wannan motar.