Mafakar Nukiliya a Accra: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Kafin ka kira magini, tantance abin da kake gudu: fashewar bam ɗin, ko ƙura mai guba da ke sauka bayansa? Kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi tsada ita ce irin ta Suwizalan, inda doka ta wajabta gina mafaka tun 1963: kankare mai rodi, ƙofar ƙarfe, na'urar tace iska. Don jure fashewa aka yi ta. Ƙofar da na'urar sai ka sayo daga waje da dala, ka biya kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ta Tema. A ganina magidanci a Nima ko Sabon Zango bai kamata ya zuba gumin shekaru a nan ba, domin da wuya a auna Accra da irin wannan makami.

Ƙurar ce abin tsoronmu. A Fabrairun 1960, ana cikin hunturu, Faransa ta gwada bam a Reggane cikin Saharar Aljeriya, har Nkrumah ya riƙe kadarorinta a Ghana. Maganin ƙura kauri ne. Kankare mai kaurin santimita 6, ko dannanniyar ƙasa santimita 9, na rage kusan rabin tururin nukiliya mai cutarwa da ƙurar ke fitarwa. Ƙarfinsa kuma raguwa yake da sauri: bayan awa 7 saura kashi ɗaya cikin 10, bayan kwana biyu ɗaya cikin 100.

Shi ya sa ɗakin ƙarƙashin ƙasa ke jan hankali, tunda ƙasa kyauta ce. Amma wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a shataletalen Circle ya san halin kogin Odaw. A Alajo da duk unguwar da ke kwari, ramin da ka tona don tsira zai iya cinye yaranka a damina guda. Sai a kan tudu, shi ma da famfon zuƙe ruwa da ƙofa biyu.

Ni dai ɗakin tsakiyar gida na zaɓa, a hawan ƙasa, marar taga. A ƙara masa bango na bulo marar rami, a zuba rufin kankare a sama idan rufin kwano ne, a ɗaure da rodi sosai, don girgizar ƙasa ta taɓa yi wa Accra ɓarna a 1939. Ragowar kuɗin ya tafi ga ruwa, lita 4 ga kowane mutum a rana, da garin rogo, magunguna da rediyo mai batir. A bar wa iska mashiga, kuma kada a hura gawayi a ciki.